Babi na 4: Yadda Taron Yara Yake Zama Ƙungiya

Me ya sa ƙungiyar da ta kwashe gwanayen yaran unguwa take shan kashi a hannun wadda 'yan wasanta ba su kai su iya taka leda ba? Tambaya ce da ke yawo a bakin 'yan kallo a gefen fili. Akwai kuma wata mai bi mata: me ya sa kulob ɗin yara yake buɗewa da cincirindo, amma kafin damina ta ɗauke sai a ga rabinsu sun daina zuwa atisaye? Amsar da aka saba bayarwa ita ce babu haɗin kai. Haka ne, sai dai ana faɗinta kamar haɗin kai rabo ne da wasu suka samu wasu suka rasa. Alhali gina shi ake yi, hanyoyinsa sanannu ne, kuma mafi yawan aikin yana wuyan koci.

Yaran da ke taruwa a Kurudu

Mu ɗauki misalin Kurudu. Tana kan hanyar da ta taso daga Nyanya da Karu, ta ratsa Jikwoyi, ta wuce Orozo zuwa Karshi, a ƙaramar hukumar AMAC ta Abuja. Yanki ne da Gbagyi da Gwandara suka daɗe a cikinsa. Bayan an ƙirƙiri babban birnin tarayya a 1976, musamman da gwamnati ta taso daga Legas a Disamban 1991, tsadar haya a tsakiyar gari ta riƙa turo ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu zuwa wannan gefen. Rukunin gidajen da aka gina domin sojoji ya ƙara kawo iyalai daga kowace kusurwar ƙasa.

Saboda haka yaran da ke haɗuwa a filin makaranta ko a wani fegi da ba a gina ba tukuna, tushensu daban-daban ne. Akwai ɗan Gbagyi da kakanninsa suka noma wurin, akwai Bahaushe da mahaifinsa ya zo daga Katsina, akwai Ibo da Bayarabe da Tibi da Idoma da Igala. Wani daga gidan bene ya fito da sabon takalmin ƙwallo, wani daga garejin da yake koyon kanikanci ya fito da takalmin roba.

A tsohuwar unguwa ta Kano kamar Fagge ko Yakasai, koci yakan tarar da rabin aikin an riga an yi masa. Yaran sun yi makarantar allo tare, iyayensu sun san juna, wanda ya yi rashin kunya a fili labarinsa zai riga shi isa gida. A Kurudu babu wannan jarin. Iyaye da yawa suna fita da asuba don guje wa cunkoson hanyar Nyanya, ba sa dawowa sai bayan isha. 'Yan haya suna tashi idan mai gida ya ƙara kuɗi, sai yaro ya ɓace daga ƙungiya babu sallama. Wanda ya tara yara a irin wannan wuri daga tushe zai faro.

Zama wuri ɗaya bai isa ba

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an jefa wa yara ƙwallo, sabo zai zo da kansa. An gwada wannan zato, kuma sakamakon ya nuna iyakarsa.

A 1954 wani masanin halayyar jama'a mai suna Muzafer Sherif ya kai yara maza 22, masu shekara 11 zuwa 12, sansanin hutu a Robbers Cave da ke jihar Oklahoma ta Amurka. Ya raba su gida biyu, ya haɗa su gasa mai kyauta. Cikin 'yan kwanaki suka fara zagin juna, suna ƙona tutar juna, suna kai wa ɗakunan kwanan juna farmaki. Da aka so sulhunta su, sai aka haɗa su cin abinci da kallon fim, amma wurin cin abincin ya koma fagen jifa. Abin da ya yi aiki shi ne matsalar da ɓangare ɗaya ba zai iya magancewa shi kaɗai ba. Ruwan sansanin ya ɗauke, dole suka nemo inda ya toshe tare. Motar da za ta ɗauko abinci ta ƙi tashi, dole suka ɗaura mata igiya suka ja gaba ɗaya. Daga nan ƙiyayyar ta fara sanyi, har a ƙarshe suka nemi a mayar da su gida a mota ɗaya.

A shekarar ce kuma Gordon Allport ya bayyana sharuɗɗan da cuɗanya take buƙata kafin ta rage ƙyamar juna: a tsaya a matsayi ɗaya, a sami buri ɗaya, a yi aiki tare maimakon gogayya, sannan mai iko a wurin ya goyi bayan hakan a fili. A ƙungiyar yara, mai ikon shi ne koci.

Akwai bincike biyu na baya-bayan nan da suka fi kusa da halin Kurudu. Na farko a Kaduna aka yi shi. Alexandra Scacco da Shana Warren sun shirya wa samari Musulmi da Kirista ajin koyon kwamfuta na mako 16, wasu a aji mai gauraye, wasu a ajin 'yan addini ɗaya, suka wallafa sakamakon a 2018. Ra'ayin samarin game da ɗaya addinin bai sauya ba, amma da aka zo rabon kuɗi a gwaji, waɗanda suka zauna a aji mai gauraye sun fi 'yan ajin addini ɗaya yin adalci ga wanda ba nasu ba. Na biyu na ƙwallon ƙafa ne kai tsaye. A arewacin Iraƙi, bayan ɓarnar ƙungiyar ISIS, Salma Mousa ta shirya gasa inda aka ƙara wa wasu ƙungiyoyin Kirista 'yan wasa Musulmi uku, wasu kuma aka ƙara musu Kirista. Rahotonta na 2020 ya nuna waɗanda suka buga da Musulmi sun fi yarda su sake shiga ƙungiya mai gauraye, sun fi zaɓar Musulmi a kyautar ɗan wasa mai ladabi, kuma bayan wata shida sun fi ci gaba da atisaye tare. Amma wannan sauyin bai kai ga Musulmin da ba su sani ba a wajen fili.

Abin da koci zai ɗauka a nan yana da amfani ƙwarai. Ƙwallo tana iya gyara yadda yaro yake mu'amala da abokin wasansa, kuma wannan kaɗai babban abu ne. Sai dai ba ta yi sai an tsara wasan yadda kowa zai buƙaci ɗan'uwansa, kuma abin da aka samu a fili ba ya bin yara gida sai an raka shi.

Atisayen da ke sa a buƙaci juna

Wurin farawa shi ne rabon 'yan wasa. Al'adar ƙwallon layi ita ce gwanaye biyu su tsaya suna zaɓe ɗaya bayan ɗaya, har a rage yaron da babu mai so, a tura shi tsaron gida. Wannan yaron yana koyon matsayinsa a gaban kowa tun kafin a take ƙwallo, masu zaɓen kuma abokansu da 'yan yarensu suke ɗauka. Kocin da ya san aikinsa shi ke raba su da kansa, yana sauya rabon kowane mako, har ya zama babu yaro biyu a kulob ɗin da ba su taɓa tsayawa gefe ɗaya ba.

Akwai rabon da bai kamata a yi ba ko da wasa: Hausawa da sauran ƙabilu, Musulmi da Kirista, 'yan rukunin gidaje da 'yan cikin gari. Yana da sauƙin shiryawa, yara ma sukan nema da kansu saboda yana da zafi. Wani bincike da Matt Lowe ya yi kan wasan kurket a jihar Uttar Pradesh ta Indiya ya gano cewa samarin da suka buga a ƙungiya ɗaya da 'yan wani ajin al'umma daban sun ƙara ƙulla abota da su, waɗanda kuwa suka riƙa karawa da su a matsayin abokan hamayya abotarsu ma raguwa ta yi. Fili ɗaya, wasa ɗaya, amma gefen da aka tsaya shi ya yanke hukunci.

Girman rukuni ma yana da tasiri. Wani injiniyan noma Bafaranshe, Max Ringelmann, ya auna masu jan igiya, ya wallafa a 1913 cewa duk lokacin da aka ƙara mutane, ƙarfin da kowane ɗaya yake sawa raguwa yake yi. A wasan mutum 11 da 11, yaro mai kunya zai iya gama atisaye bai taɓa ƙwallo sau biyar ba, babu wanda ya lura. A wasan huɗu da huɗu ko biyar da biyar babu wurin ɓuya, kuma gwanin da ke son yanka shi kaɗai zai gane da wuri cewa ba zai kai ko'ina ba. Ana iya ƙara sharaɗi: ba a lissafa ci sai kowa a gefen ya taɓa ƙwallon, ko kuma dole mai bayar da fasin ya kira sunan wanda zai ba. Wannan na biyun yana kama da ƙaramin abu, amma a ƙungiyar da ta tara baƙin juna akan yi makonni ana kiran yaro da launin rigarsa.

Sai aikin fili. Kamar yadda gayya take haɗa manoman ƙauye a gonar mutum ɗaya yau, gobe a ta wani, haka sharar fili take haɗa yara: tsince kwalabe da duwatsu, sare ciyawa bayan ruwan Agusta, ɗaura raga, zuba toka ko farar ƙasa a kan layi, ɗauko ruwan sha. A raba su rukuni-rukuni masu gauraye, aikin yana zagayawa, kuma kada a cire kowa. Ranar da aka ga mai cin ƙwallayen ƙungiya yana ɗauke da jakar fiya wata a ka, ƙananan yaran sun fahimci dokar wurin fiye da duk wani jawabi.

Harshe, laƙabi da tsokana

A filin Kurudu Hausa da Turancin Buroka ne suka fi yawo, kuma yara suna tsallakawa daga wannan zuwa wancan cikin jimla ɗaya. Matsala tana farawa idan uku suka koma gefe suna magana da yarensu suna dariya suna kallon na huɗu. Ko ba da shi suke ba, zai ɗauka da shi ake. Hana yara yarensu kuskure ne, kuma ba ya ɗorewa. Abin da ya fi shi ne a yarda cewa umarnin wasa da maganar da ta shafi kowa da harshen da kowa ke ji za a yi su, koci kuma ya maimaita muhimmin bayani da harsuna biyu. Wasu ƙungiyoyi sukan ɗauki kalmomin kira daga yaruka daban-daban su mayar da su alamarsu ta sirri a fili, abokan hamayya ba sa ganewa, yaran kuwa suna alfahari da abin.

Tsokana ba za ta rabu da yara ba, kuma ba duka ce ke da illa ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zazzagawa, Fulani da Barebari, Fulani da Tibi, Gobirawa da Yarbawa. Abin da ya sa wancan wasan yake ƙara zumunci shi ne kowa yana da damar ramawa, kuma an san inda ake tsayawa. Ma'aunin ke nan a fili. Idan ana jifa ana ramawa ana dariya tare, a bar su. Idan kullum mutum ɗaya ne abin dariya, yana murmushin dole yana sunkuyar da kai, wasa ya ƙare, cin zarafi ya fara. Laƙabin da ya samo asali daga ƙabila ko addini ko nakasa ko talaucin gida, koci ya kashe shi tun ranar farko da ya ji shi, domin idan ya kwana bakwai ya zauna. Laƙabin da yaro ya samu daga bajintarsa kuwa alama ce ta cewa an karɓe shi.

Adalcin koci

Yara suna lura da koci fiye da yadda yake zato. Sun san wanda yake makara ba a ce masa komai, sun san wanda mahaifinsa ya sayi rigunan ƙungiya kuma tun daga nan bai sake zama a benci ba. Babu abin da ke saurin raba kan ƙungiyar yara kamar wannan, domin fushin da ba za su iya nuna wa koci ba a kan ɗan gatan suke sauke shi.

Ronald Smith da Frank Smoll na Jami'ar Washington sun shafe shekaru suna horar da kociyoyin yara kan abubuwa masu sauƙi: yaba ƙoƙari, ƙarfafa yaro nan take bayan ya yi kuskure, gyara masa ba tare da tsawa ko gori ba. A wani gwaji da aka wallafa a 1992 kan wasan besbol, kashi 5 cikin 100 ne kawai na yaran kocin da aka horar suka daina wasa a kakar da ta biyo, a wajen sauran kuwa kashi 26. Yawan nasara a wasanni bai bambanta ba, amma yaran rukunin farko sun fi son kocinsu, sun kuma fi son junansu. Yadda babba ya ɗauki kuskuren yaro, haka sauran yaran za su ɗauke shi. Kocin da ya zagi golan da ƙwallo ta zille masa ya ba mutum goma izinin zaginsa.

Adalci ya shafi jadawali. Yaran Islamiyya yawanci Alhamis da Juma'a ne hutunsu, yaran coci safiyar Lahadi ba tasu ba ce, ɗan koyon sana'a sai maigidansa ya sallame shi. Idan kullum ɓangare ɗaya ne yake rasa atisaye saboda lokacin da aka sa, sannan a hana shi buga wasa don bai zo ba, an hukunta shi kan abin da ba laifinsa ba. A tsara lokaci da kowa a zuciya, a tashi kafin magariba, a rage nauyin atisaye a watan azumi. Karo-karon kuɗin mota da na rajistar gasa kuma a karɓe shi a asirce, kada a karanta sunayen waɗanda ba su biya ba a gaban jama'a.

Sabon shiga da ranar faɗa

A 1965 Bruce Tuckman ya bayyana cewa rukunin mutane yakan bi matakai: haɗuwa cikin ɗari-ɗari, sai rikici kan matsayi, sai daidaitawa kan ƙa'ida, sannan aiki ya kankama. Amfanin sanin wannan shi ne kada koci ya firgita idan faɗa ya ɓarke a mako na uku kan wanda zai buga fenariti ko wanda zai ɗaura ƙyallen kyaftin. Lokacinsa ne ya zo. A raba su, a bari zuciya ta huce, a ji ta bakin kowa, a yanke hukunci kan abin da aka aikata ba tare da duba wanda ya aikata ba, kuma a gama maganar a ranar. Ƙa'idojin da yaran suka sa bakinsu wajen tsarawa sun fi waɗanda aka karanta musu ɗorewa.

Tunda a Kurudu shiga da fita ba sa ƙarewa, karɓar sabon yaro aiki ne na kullum. A haɗa shi da tsohon ɗan ƙungiya wanda ba yarensu ɗaya ba, ya nuna masa yadda ake yi, ya riƙa biyo masa idan hanyarsu ɗaya. Al'adar wahalar da sabon shiga da aike ko duka da sunan gwada shi ba ta haifar da komai sai jiran ranar ramawa a kan na baya.

Sabo kuma lokaci yake so. Ƙungiyar Golden Eaglets da ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2013 ta daɗe a sansani a Kalaba ƙarƙashin Manu Garba, ɗan Gombe, tare da mataimakansa Emmanuel Amuneke da Nduka Ugbade. Kyaftin ɗinta Musa Muhammed daga Kano yake, Kelechi Iheanacho daga Imo, Taiwo Awoniyi daga Ilori. Sun sha kashi a hannun Kwaddibuwa a bugun fenariti a wasan ƙarshe na gasar Afirka a Maroko, ba su watse ba. A gasar duniya ɗan wasan gabansu Isaac Success ya ji rauni tun a zagayen rukuni, Awoniyi ya maye gurbinsa ya ci gaba da zura ƙwallaye, har suka doke Meziko da ci 3 da nema a Abu Dhabi. Ɗan bencin da aka riƙe shi a matsayin cikakken ɗan ƙungiya shi ne yake shigowa a shirye ranar da aka neme shi.

Bayan an tashi daga fili

Binciken Iraƙi ya nuna inda ƙwallo take tsayawa, kuma daga nan ne ake buƙatar ƙafa, tunda zumunci a ƙafa yake. Idan ɗan ƙungiya ya karye ko zazzaɓi ya kwantar da shi, a je duba shi a rukuni. Idan an yi rasuwa a gidansu, a je gaisuwa, ko ta Musulmi ce ko ta Kirista, koci ya koya wa yaran abin da ake faɗa da yadda ake zama. Tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti dama suna tsallaka katanga a unguwanni irin wannan, abin da ya rage shi ne ƙungiya ta shiga cikin al'adar da gangan. Cin abinci a faranti ɗaya bayan wasa, ko biredi ne da ƙosai, da zuwa gidan kallon ƙwallo tare, da tafiya a mota ɗaya zuwa wasan sada zumunta a Karshi ko Karu, duk suna ba yara labarin da za su riƙa tunawa tare.

Wannan fita tana da sharaɗi. Kowace ziyara da kowace tafiya da sanin iyaye za a yi ta, a sami babba fiye da ɗaya a tare da yaran, kuma koci ba ya keɓewa da yaro a ɗaki. Ga ƙungiyar 'yan mata, kasancewar babbar mace a atisaye da tafiya wajibi ne, kuma shi ne sau da yawa yake sa uba ya amince.

Amincewar iyaye kuwa ba ta samuwa da sauƙi. Uban da yake ganin ƙwallo ce ke hana ɗansa karatu, da uwar da take tsoron abokan da zai haɗu da su, da wanda ya ƙwallafa rai ɗansa zai tafi Turai har yana neman a rage masa shekaru, kowannensu yana iya rushe abin da aka gina a fili. Babi na gaba zai duba yadda koci zai zauna da iyaye da malaman makaranta, da abin da ya kamata a yi yarjejeniya a kansa kafin yaro ya sa rigar ƙungiya.